Ingila: Inda Gigin Tsufa Ke Cinye Gidan Mutum

A makon da maƙwabciyata ta kai mahaifiyarta gidan kula da tsofaffi, ta ƙwanƙwasa mini ƙofa bayan isha'i da leda cike da takardu. Baturiya ce, ta haura shekara hamsin. Ta san aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, kuma a ganinta duk mai irin wannan aiki ba ya tsoron lambobi. Ta zube takardun a kan tebur ta ce, "Don Allah duba mini, kuɗin Mama zai kai ta yaushe?"

Gigin tsufa ne ya kama uwar. Ta kai ga ba ta gane 'yarta, tana kunna murhu ta manta, sau biyu ana tsintar ta a titi cikin sanyi da kayan barci. Abin da ta mallaka a duniya shi ne ɗan gidan da ita da mijinta suka yi shekara ashirin da biyar suna biya, wanda darajarsa ta kai kimanin fam 200,000, sai ajiyar fam 30,000 a banki, sai fanshon da bai wuce fam 250 a mako ba. Gidan tsofaffin kuwa fam 1,200 yake karɓa duk mako. Na buɗe kwamfuta na yi lissafin da ko ɗan firamare zai iya. Idan aka cire fansho, saura fam 950 a mako da za a riƙa zarowa daga dukiyarta. A haka, cikin shekara huɗu da 'yan watanni za ta cinye kusan kashi 90 cikin ɗari na duk abin da suka tara, sannan ne hukuma za ta fara sa hannu.

Ta yi shiru ta dubi lambar. Can ta ce mahaifinta ya rasu shekaru shida da suka wuce da ciwon daji. An yi masa tiyata, an yi ta ba shi magunguna masu tsada, ma'aikatan jinya suna zuwa gida safe da yamma, kuma ko sisi ba a tambaye su ba. Miji da mata, gida ɗaya, haraji ɗaya suka biya tsawon rayuwarsu. Shi cutarsa ta faɗa a layin gwamnati, ita tata ta faɗa a aljihunta.

Wannan shi ne abin da nake so in yi magana a kai, kuma ba zan ɓoye matsayina ba: tsarin da Ingila ke bi wajen biyan kuɗin kula da manya marasa ƙarfi caca ce da aka sa wa rigar adalci. Mu da muke zaune a nan, da ku da kuke gida kuna jin ana cewa a Turai komai kyauta ne, ya kamata mu san yadda abin yake.

Ga yadda yake tafiya. Lafiya a Ingila tana hannun hukumar NHS, kuma ba a biyan kuɗin ganin likita ko kwanciya a asibiti. Amma wanka, sa tufafi, cin abinci, zuwa bayi, juya mutum a gado don kada jikinsa ya yi gyambo, duk waɗannan ba a lissafa su cikin lafiya. Suna hannun ƙananan hukumomi, a ƙarƙashin dokar kula da jama'a ta 2014. Wanda ya nemi taimako, za a fara auna buƙatarsa, a ga ko rauninsa ya kai mizanin da doka ta gindaya. Idan ya tsallake wannan, sai a auna aljihunsa.

Awon aljihun yana da iyaka biyu. Duk wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250, shi zai biya komai da kansa. Wanda dukiyarsa ta gaza fam 14,250, ba a taɓa ajiyar tasa, amma ana karɓe kuɗin shigarsa. Idan yana gidan tsofaffi, fanshonsa kusan duka ke tafiya, a bar masa ɗan kuɗin kashewa, wanda a shekarar 2024 fam 30.15 ne a mako. Daga nan zai sayi sabulu da safa da katin waya da kyautar jikoki. Wanda kuma ya faɗa tsakanin iyakokin biyu, ana ɗora masa fam 1 a mako a kan kowace fam 250 da yake da ita sama da ƙaramar iyakar. Ka lissafa da kanka: fam 52 ke nan a shekara a kan fam 250, sama da kashi 20 cikin ɗari. Babu bankin da ke ba da riba haka, kuma masu dokar sun sani. Manufar ita ce ajiyar ta riƙa zaizayewa.

Gidan da mutum ke zaune ba ya shiga lissafi muddin a cikinsa ake kula da shi. Ranar da ya koma gidan tsofaffi na dindindin, gidan ya zama dukiya abar ƙirgawa, sai fa idan miji ko mata na ciki, ko ɗan'uwa da ya kai shekara 60, ko mai naƙasa, ko ɗansa da bai kai 18 ba. Ana ɗaga ƙafa na mako 12 na farko. Bayan nan ko dai a sayar, ko a ƙulla yarjejeniya da ƙaramar hukuma ta riƙa biya a matsayin bashi, gidan na jingine a hannunta, kuɗin ruwa na hawa, ta karɓi abinta idan an sayar ko mai gidan ya rasu. 'Yan siyasa kan bugi ƙirji su ce ba wanda ake tilasta wa sayar da gidansa yana raye. Haka ne, jira kawai ake a binne shi.

A sana'armu akwai kuskuren da ake yi wa sabon ma'aikaci faɗa a kai tun makon farko: kada ka dasa lamba a tsakiyar manhaja ka tafi ka bar ta, alhali abin da take aunawa yana canzawa. Lambar nan ta 23,250 an dasa ta ne a 2010, kuma har 2025 tana nan inda take. A tsawon waɗannan shekaru farashin burodi ya tashi, haya ta tashi, kuɗin gidajen tsofaffi ya tashi, darajar gidaje ta tashi. Lambar kaɗai ce ba ta motsa ba. Sakamakon haka kowace shekara ana ƙara tura mutane zuwa sahun masu biya da kansu ba tare da wani minista ya miƙe a majalisa ya sanar da komai ba. A wurinmu idan aka bar kuskure shekara goma sha biyar kuma akwai wanda yake amfana da shi, mun daina kiran sa kuskure. Ya zama yadda ake so abin ya yi aiki.

Asalin rabuwar tsohuwa ce. A watan Yulin 1948 aka kafa NHS, lafiya kyauta ga kowa. A shekarar ce kuma dokar tallafin ƙasa ta danƙa kula da tsofaffi da naƙasassu ga ƙananan hukumomi, tare da ikon karɓar kuɗi gwargwadon abin hannun mutum. A lokacin mutane ba sa daɗewa kamar yanzu, kuma galibin jinyar tsofaffi mata ne ke yin ta a gida ba tare da an lissafa ba. Yau mutum kan yi shekara takwas ko goma da cutar da ta cinye masa tunani, jikinsa kuwa da sauran ƙarfi. Gigin tsufa cuta ce ta ƙwaƙwalwa, likita ne ke gano ta, tana cikin manyan cututtukan da ke kashe mutane a Ingila. Amma da yake abin da mai ita ya fi buƙata hannu ne da ido, ba allura ba, sai tsarin ya ce wannan ba jinya ba ce. Akwai wata ƙofa da NHS ke ɗaukar nauyin komai idan aka tabbatar cewa asalin buƙatar mutum ta lafiya ce, sai dai ƙofar ƙunci gare ta, kuma iyalai kan shafe watanni suna jayayya da takardu a kan ko ruɗewar uwarsu ta kai "mai tsanani" ko ta tsaya a "babba".

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Suna cewa: don me direban bas da ke zaman haya, wanda bai taɓa mallakar ko ɗaki ba, zai biya haraji domin a kare gadon 'ya'yan mai gida? Wanda yake da shi ya biya, wanda ba shi da shi a taimaka masa. Da jin ta, maganar ta yi kama da tausayin talaka. Ni ma na taɓa yarda da ita.

Amma a gwada ta da lambobi. Tsohuwar nan mai fam 230,000 ta rasa kusan kashi 90 cikin ɗari. Attajiri mai ninkin dukiyarta goma, da ya yi jinya iri ɗaya na shekaru iri ɗaya, kashi 9 kacal zai rasa, 'ya'yansa ba za su ma ji a jikinsu ba. Maƙwabcinta mai gida irin nata da bugun zuciya ya ɗauke dare ɗaya, magadansa za su karɓi komai cif, domin harajin gado a Birtaniya ba ya fara aiki sai dukiya ta haura fam 325,000, kuma ko a nan kashi 40 ne na abin da ya hau sama. To wane irin haraji ne wannan da ke karɓar sifili daga wani, kashi 9 daga attajiri, kashi 90 daga gwauruwa mai ɗan gida, kuma abin da ke yanke hukuncin shi ne sunan cutar da ta kama ka? Idan ana ganin ya dace dukiyar gidaje ta ɗauki nauyin kula da tsofaffi, ni ban ƙi ba. A karɓi kaɗan daga kowane gado, ko a sa kowa ya riƙa zuba wani abu tun yana aiki. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a bar mutum tara su wuce, a tare na goma a kwashe masa duka, sannan a ce an yi wa direban bas adalci.

Shi kansa direban bas ɗin ba riba ya ci ba. Ƙananan hukumomi ba su da isassun kuɗi, kuma kusan rabin abin da suke kashewa a wannan fanni yana tafiya ne ga naƙasassun da ba su kai tsufa ba. Don haka suna matse kowa. Suna biyan gidajen tsofaffi farashin da sau da yawa bai kai abin da gidajen ke kashewa ba, gidajen kuma su huce a kan masu biya da kansu. Hukumar kula da gasa a kasuwannin Birtaniya ta gano a 2017 cewa mai biya da aljihunsa yana biyan kimanin kashi 41 cikin ɗari sama da abin da ƙaramar hukuma ke biya, a gida ɗaya, kulawa ɗaya. Ma'ana tsohuwar nan tana biyan nata, tana kuma cika giɓin na ɗakin da ke kusa da ita, ba tare da an taɓa gaya mata ba. Ranar da kuɗinta ya ƙare kuma, idan gidan ya fi farashin hukuma tsada, ko dai 'yarta ta riƙa cika ragowar, ko a ɗauke ta zuwa wani wuri mai araha, mace mai gigin tsufa da fuskokin ma'aikatan nan ne kaɗai suka rage mata a matsayin sanannu.

Wani zai ce, to me ya hana mutum ya yi tanadi tun da wuri? Tanadin nawa? Kwamitin masanin tattalin arziki Andrew Dilnot ya nuna a 2011 cewa a cikin 'yan shekara 65, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba za su kashe wani abin kirki ba, amma ɗaya cikin goma zai kashe sama da fam 100,000. A 2021 gwamnati da kanta ta ce adadin ya koma ɗaya cikin bakwai. Ba wanda ya san a wane sahu zai faɗa. Irin wannan haɗari, mai wuyar aukuwa amma mai rusa gida in ya auku, shi ne ainihin abin da aka ƙirƙiri inshora dominsa, kamar gobara. Sai dai kamfanonin inshora sun ja da baya daga sayar da irin wannan kariya ga mai lafiya, saboda ba su san iyakar abin da za su biya ba. Kasuwa ta ƙi, gwamnati ta ƙi, an bar kowa da ƙaddararsa.

Kuma ba rashin sanin magani ba ne. A 1999 wani babban kwamiti ƙarƙashin Stewart Sutherland ya ba da shawarar a mayar da kula da jikin tsofaffi kyauta. Gwamnatin Tony Blair ta ƙi, Sikotland ta karɓa ta fara a 2002. A 2011 Dilnot ya ce a sa rufi: kada mutum ya biya sama da fam 35,000 a rayuwarsa, a kuma ɗaga babbar iyakar zuwa fam 100,000. Aka amince da rufin fam 72,000 da zai fara a 2016, sai aka ɗage tun kafin ranar ta zo. A zaɓen 2017 Theresa May ta kawo nata tsarin, 'yan adawa suka laƙaba masa sunan harajin gigin tsufa, ta janye cikin 'yan kwanaki, ta kuma rasa rinjayenta a majalisa. Boris Johnson ya tsaya a ƙofar fadar firaminista a 2019 ya yi alkawarin gyara abin gaba ɗaya. A 2021 ya sanar da rufin fam 86,000 da sabon haraji na kashi 1.25 cikin ɗari. Aka soke harajin a 2022, aka ɗage rufin zuwa Oktoban 2025, sannan a watan Yulin 2024 ministar kuɗi ta jam'iyyar Labour, Rachel Reeves, ta soke shi baki ɗaya. A Janairun 2025 aka sake kafa wani kwamiti ƙarƙashin Louise Casey, wanda rahotonsa na ƙarshe sai 2028. Shekara ashirin da biyar ana cewa gafara sa, ba mu ga ƙaho ba. Manyan jam'iyyun biyu kowacce ta yi alkawari tana adawa, ta noƙe da ta hau mulki, domin darasin da suka ɗauka daga 2017 shi ne wanda ya taɓa batun zai ƙone, wanda ya bar shi ba mai tambayarsa.

Wasu ƙasashen sun taɓa, kuma ba su ƙone ba. Jamus ta kafa inshorar dole ta kula da masu rauni a 1995, ma'aikaci da mai ɗaukar aiki suna zubawa daga albashi. Japan ta bi sahu a 2000, kowa na fara biya daga shekara 40. Duka biyun suna kuka da tsada, Jamusawa ma har yanzu suna cika kuɗi mai yawa daga aljihu. Amma sun amince da asalin maganar, cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko a cikin Birtaniya, Wales ta ɗaga iyakarta zuwa fam 50,000 ga mai zaman gidan tsofaffi.

Kuɗin da gwamnati ta ƙi biya kuwa bai ɓace ba, wasu ne ke biya da jikinsu. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum kusan miliyan 5 a Ingila da Wales suna jinyar wani nasu ba albashi, mafi yawansu mata. Alawus ɗin da ake ba mai yin wannan aiki aƙalla awa 35 a mako fam 81.90 ne a 2024, wato ƙasa da fam biyu da rabi a awa. A shekarar, wanda ya yi ɗan aikin gefe ya samu ko fam ɗaya sama da 151 a mako, alawus ɗin makon ya tafi duka, kuma an bi dubban mutane bashin kuɗin da aka ce an biya su bisa kuskure. Sai kuma ma'aikatan gidajen tsofaffin, masu albashi dab da mafi ƙarancin da doka ta yarda. Da 'yan ƙasa suka guji aikin, a 2022 aka buɗe biza, 'yan Indiya da Najeriya da Zimbabwe suka shigo da yawa. A 2024 aka hana su zuwa da iyali, a 2025 aka rufe ɗauko sababbi daga waje. Na san masu digiri daga jami'o'inmu da ke kwana a tsaye suna juya tsofaffin Turawa, alhali iyayensu na gida suna jiran ɗan abin da za a turo ƙarshen wata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ga 'yan'uwana da muke tsufa a nan, mu daina ɗaukar wannan a matsayin matsalar Turawa. Dukiyar da mutum ke da ita a wata ƙasa tana shiga awon, har da gidan da ka gina a Kano ko Zariya da guminka na dare. Dabarar mayar da gida sunan 'ya'ya ma ba mafita ba ce, domin idan ƙaramar hukuma ta ga an yi ne don gudun biya, za ta lissafa kamar yana hannunka, kuma doka ba ta ƙayyade mata shekarun da za ta iya waiwaya baya ba. Mu da muke da ƙuri'a, mu tambayi duk ɗan takarar da ya ƙwanƙwasa mana ƙofa abin da zai yi da lambar 23,250.

Ga masu karatu a gida kuma, na san abin da za a ce: Allah ya kiyaye, mu ba ma kai iyayenmu gidan tsofaffi. Gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Amma a shiga ɗakin tsohuwar da ta shekara biyar a kwance a ga wa ke wanke ta. Akwai 'yar da ta bar aiki, ko matar ɗa, ko jikar da aka cire daga makaranta. Awon aljihu muna da namu, ba a takarda yake ba kawai: mai 'ya'ya masu hali ya samu kulawa, wanda ba shi da su ya dogara da tausayin maƙwabta. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, abin yi a bayyane yake.

An kafa allon sayarwa a ƙofar gidan tsohuwar a farkon bazara. Na taya maƙwabciyata kwashe kaya ranar Asabar. A ƙasan wata durowa ta ci karo da takardar banki ta ranar da iyayenta suka gama biyan bashin gidan, a naɗe cikin leda, uban ya rubuta kwanan wata a bayanta da biro. Ta karanta, ta mayar cikin ledar, ta tambaye ni ko in sake duba lissafin nan, wai ko akwai inda na yi kuskure. Na sake dubawa. Babu.